Malamin Shawara a Makaranta: Suna Ɗaya, Aiki Daban-daban Daga Boston Zuwa Ibadan

Duk wanda ya yi sakandaren gwamnati a Najeriya zai iya tuna wani ɗan ofis, sau da yawa kusa da ɗakin malamai, da aka rubuta a ƙofarsa cewa nan ne wurin jagoranci da ba da shawara. Wasu sun taɓa shiga sau ɗaya, ranar cike fom ɗin JAMB. Wasu kuma har suka gama makarantar ba su taɓa ganin ƙofar a buɗe ba, domin mai ofishin yana can aji yana koyar da wani darasi.

To wai mene ne ainihin aikin wannan malami? Idan ka tambayi Ba'amurke, da Bajamushe, da mutumin Japan, amsa uku za ka samu, kuma kowa a cikinsu gaskiya ya faɗa. Dalilin yana cikin tarihi. Babu ƙasar da ta ƙirƙiri wannan ofis haka kawai. Kowace sai da wani abu ya tsorata ta game da 'ya'yanta, sannan ta ɗauko mutum ta ce ga aikinka. A wannan rubutu za mu riƙa kiransa malamin shawara, don kada a rikita shi da kansilan mazaɓa.

Lokacin da sana'a ta daina zama gado

A ƙasar Hausa ta dauri, tambayar "me zan zama idan na girma?" ba ta da wani nauyi. Ɗan maƙeri maƙera zai zauna, ɗan marini ya shiga karofi, ɗan wanzami ya gaji zabira. In yaro ya shiga damuwa, akwai kaka, akwai kawu da gwaggo, akwai malamin allo. Haka abin yake a galibin duniya. Masana'antu da ƙaura zuwa birane ne suka tsinka wannan igiya.

A farkon ƙarni na 20 birnin Boston na Amurka ya cika da baƙi daga Italiya, da Ailan, da gabashin Turai. 'Ya'yansu kan bar makaranta suna da shekara goma sha huɗu, su faɗa duk masana'antar da ta buɗe musu ƙofa. Sana'ar da uba ya sani a ƙauyensu ba ta da kasuwa a nan, shi kansa uban bai san garin ba, balle ya nuna wa ɗansa hanya.

Wani mutum mai suna Frank Parsons ya san wannan ciwo a jikinsa. Injiniya ya karanta a jami'ar Cornell, ya samu aiki a kamfanin jirgin ƙasa, sai karayar tattalin arziki ta 1873 ta raba shi da aikin. Ya yi leburanci, ya yi koyarwa, daga baya ya zama lauya. A watan Janairun 1908 ya buɗe ofishin ba matasa shawarar sana'a a wata unguwar baƙi ta Boston. Tsarinsa mataki uku ne: yaro ya san kansa, wato abin da ya iya da abin da yake so, ya san sana'o'in da ke akwai, da sharuɗɗansu da abin da ake samu, sannan a zauna a gwama biyun da hankali. Parsons bai ga amfanin shukarsa ba. Ya rasu a watan Satumban wannan shekara, littafinsa kan zaɓen sana'a kuma ya fito a 1909.

A daidai wannan zamani, wani shugaban makaranta a garin Grand Rapids na jihar Michigan, Jesse B. Davis, ya sa malaman Turanci su ware darasi ɗaya a mako, ɗalibai su riƙa rubuta insha'i kan halayensu da sana'ar da suke buri. A wannan gari ne aka kafa ƙungiyar masu ba da shawarar sana'a ta ƙasa a 1913. Su kuma hukumomin ilimi na Boston sun naɗa malaman aji sama da ɗari a matsayin masu ba da shawara, ba tare da an rage musu darasi ko an ƙara musu ko kwabo ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi a gida.

Gwajin ƙwaƙwalwa, sannan sauraro

A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da wani gwaji a Faransa, don gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a karatu. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, masana halayyar ɗan'adam suka mayar da irin wannan gwaji na jama'a da yawa a lokaci guda, aka gwada sojoji sama da miliyan ɗaya da rabi. Bayan yaƙi gwajin ya kwararo makarantu, malamin shawara ya zama mai awo: ya ba yaro takarda, ya ƙirga maki, ya ce kai ka nufi jami'a, kai kuma ka nufi masana'anta.

Matsalar ita ce da yawa daga tambayoyin sun fi auna sanin Turanci da rayuwar Amurka fiye da kaifin basira. 'Ya'yan baƙi da baƙaƙen fata su suka fi kwana a ciki. Ofishin da aka buɗe don a nuna wa ɗan talaka hanya, a wurare da dama ya koma mai tsare ƙofa. Wannan hali bai mutu da wuri ba. Michelle Obama ta ba da labarin yadda mai ba da shawara a sakandarensu ta Chicago ta nuna shakkar ko ta cancanci jami'ar Princeton. Ta nema, ta samu, ta kammala a 1985. Amma yara nawa ne suka ji irin wannan magana suka haƙura?

Juyin ya zo ta hannun Carl Rogers, wanda littafinsa na 1942 ya sauya fannin. Ra'ayinsa shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin mai ba da shawara ya saurara da kyau, ba tare da yanke hukunci ba, har mutum ya gano mafitarsa. Daga nan malamin shawara ya fara jin abubuwan da ba su shafi sana'a ba: rikicin gida, tsangwamar abokai, baƙin ciki. A 1952 malaman shawara na makarantun Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta kansu.

Sai kuma aka samu abin da ba wanda ya zata. Ranar 4 ga Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Hankalin Amurka ya tashi: yaya aka yi abokiyar gaba ta riga mu? Aka ɗora laifin a kan makarantu. A 1958 majalisa ta zartar da dokar ilimi don tsaron ƙasa, wadda ta zuba kuɗi wajen horar da malaman shawara da gwada ɗalibai, domin a zaƙulo masu basira a tura su kimiyya da lissafi. Cikin shekara goma yawansu ya ninka fiye da sau biyu. Wato dai Yaƙin Cacar Baki ne ya cika makarantun Amurka da malaman shawara.

Duk waɗannan kaya ba a sauke ko ɗaya ba, tara su aka yi ta yi. Shi ya sa a yau malamin shawara a Amurka, wanda a galibin jihohi sai yana da digiri na biyu, yake riƙe da karatun yaro, da neman jami'a ko sana'a, da damuwar zuciyarsa, duk a ofis ɗaya. Ƙungiyarsu tana ba da shawarar malami ɗaya ga ɗalibi 250, amma a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 matsakaicin ƙasar ɗalibi 385 ne ga kowane malami.

Jamus da Faransa: shawara daga wajen makaranta

Turai ba ta bi wannan hanya ba. A Jamus abin da ake tsoro shi ne rashin aikin yi, da masana'antu su rasa ƙwararrun hannu. Don haka dokar 1927 ta damƙa shawarar sana'a ga hukumar samar da aiki ta ƙasa, kuma kane-kanen da hukumar ta yi a wannan aiki bai ƙare ba sai 1998. Har gobe jami'in hukumar ne ke zuwa makaranta ya gana da ɗalibai, da sanin kamfanonin da ke neman yaran koyon sana'a a yankin. Wannan ya dace da tsarinsu, inda matashi ke raba mako tsakanin kamfani da makarantar sana'a. Matsalolin karatu da na zaman aji kuwa akwai wani malami da aka ƙara wa horo aka rage masa darasi don ya kula da su. Sai dai a yawancin jihohin Jamus ana raba yara zuwa makarantu iri-iri tun bayan aji huɗu na firamare, suna da shekara goma. Ka ga babbar shawarar an riga an yanke ta tun kafin yaro ya haɗu da jami'in sana'a.

Faransa ma raba aikin ta yi. Tun 1922 gwamnati ta tsara ofisoshin shawarar sana'a, a 1928 kuma masani Henri Piéron ya jagoranci kafa cibiyar horar da ma'aikatansu a Paris. Waɗannan ma'aikata, da tun 2017 ake kira masana halayyar ɗan'adam na ma'aikatar ilimi, mazauninsu wata cibiya ce a cikin gari, mutum ɗaya yana zagaya makarantu da yawa. A cikin makarantar kuma akwai wani jami'i daban, wanda ba ya koyarwa, aikinsa kula da fashin zuwa, da ladabi, da rayuwar ɗalibai a wajen aji. An ƙirƙiri muƙaminsa a 1970 don ya maye gurbin tsohon babban mai sa ido. Inda yaro zai nufa bayan ƙaramar sakandare kuwa, majalisar malaman ajinsa ce ke da babbar murya. 'Yan'uwanmu na Nijar ba za su ji wannan baƙo ba, domin tsarin da suka gada ke nan, da mai sa idonsa, da jarrabawar BEPC da ake raba hanya bayanta.

Finland ta ɗauki wata hanya ta uku. Da ta haɗe makarantunta zuwa tsari ɗaya na shekara tara a shekarun 1970, sai ta sa shawara a cikin jadawalin darasi. Daga aji bakwai zuwa tara ɗalibi yana da darasin shawara kamar yadda yake da na lissafi, yana ganawa da malamin shi kaɗai, ana kuma tura shi ya yi 'yan kwanaki a wurin aiki na gaske. Amfanin wannan a fili yake: tunda kowa yana zuwa, ba wanda za a nuna da baki a ce yana da matsala.

Japan da Wales: yaron da ba shi da wanda zai faɗa wa

A Japan an daɗe ana ganin ba a buƙatar wani malamin shawara, domin malamin aji shi ne komai. Shi ke cin abincin rana tare da yaran a cikin aji, shi ke ziyartar gidajensu, shi ke shawarar makarantar gaba, shi iyaye ke kira in yaro ya yi laifi a kan titi. Amma tsarin yana da rami. Wanda ke ba ka maki kuma yake hulɗa da iyayenka, da wuya ka faɗa masa abin da ke cin ranka.

A watan Nuwamban 1994 wani yaro ɗan shekara 13 a lardin Aichi ya kashe kansa bayan doguwar tsangwama da ƙwacen kuɗi daga 'yan makarantarsu. Ya bar wasiƙa, jaridu suka buga, ƙasar ta girgiza. Wata biyu bayan haka girgizar ƙasar Kobe ta hallaka mutum sama da dubu shida, ta bar dubban yara cikin firgici. A 1995 ma'aikatar ilimi ta fara tura masana lafiyar ƙwaƙwalwa zuwa makarantu 154 a matsayin gwaji. Da gangan aka ɗauko su daga waje: ba sa koyarwa, ba sa ba da maki, ba ruwansu da zaɓen jami'a. Yawancinsu sau ɗaya a mako suke zuwa, wanda shi ne babban ƙorafin da ake yi. Aikin da ke gabansu kuma ƙaruwa yake. Ƙididdigar ma'aikatar ta nuna yaran firamare da ƙaramar sakandare kusan 299,000 ne suka ƙaurace wa makaranta na kwana 30 ko fiye a shekarar karatu ta 2022, ba don rashin lafiyar jiki ko rashin kuɗi ba.

Birtaniya ma a kan malamin aji ta dogara. An gwada salon Amurka a shekarun 1960, har jami'o'in Keele da Reading suka buɗe kwasa-kwasai a 1965, amma abin ya yi sanyi a shekarun 1980 da aka tsuke bakin aljihu. Yankin Wales ne ya farfaɗo da shi, shi ma ta sanadin abin takaici. Wani bincike da kwamishinan kare yara ya gudanar kan zargin lalata da ɗalibai a wata sakandare ya fito a 2004, ya nuna yara sun yi magana amma manya ba su ɗauki matakin da ya dace ba. Rahoton ya ba da shawarar a samar da masu sauraron yara masu zaman kansu. A 2008 aka fitar da tsari, a 2013 ya zama doka: dole kowace ƙaramar hukuma ta samar da wannan hidima ga 'yan ajin ƙarshe na firamare da 'yan shekara 11 zuwa 18.

Yadda abin ya iso Najeriya

Masu tarihin fannin a Najeriya sun fi farawa daga 1959, a kwalejin 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado, Ibadan. Sistocin cocin Katolika da ke tafiyar da makarantar sun ga 'yan ajin ƙarshe za su fita ba su san inda za su dosa ba, sai suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi musu bayanin aikinsu. Abin ya yi kyau, wasu makarantu suka kwaikwaya, aka kafa majalisar shawarar sana'a ta Ibadan, wadda a 1967 ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A 1976 aka ƙaddamar da ƙungiyar masu ba da shawara ta Najeriya, CASSON, Farfesa Olu Makinde ne shugabanta na farko.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci aikin ƙarara, bisa dalili biyu: matasa ba su san sana'o'in da ke akwai ba, kuma ana ganin matsalolin ɗabi'a a tsakanin 'yan makaranta. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 kuwa a kan wannan malami ya jingina. An tsara cewa bayan aji uku na ƙaramar sakandare za a duba makin yaro na shekara uku da abin da hannunsa ya fi iyawa, wani ya wuce babbar sakandare, wani kwalejin fasaha, wani koyon sana'a. Wa zai yi wannan dubawa in ba malamin shawara ba?

Sai dai yadda injinan darasin fasaha suka ruɓe cikin akwatuna a makarantu da yawa saboda rashin wuta da malamai, haka ofishin shawara ya zama. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero suna yaye masu digiri a fannin, amma da an tura mutum makaranta sai a ga ƙarancin malamai, a miƙa masa alli. Abin da Boston ta yi tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi muke maimaitawa. Wani wurin ma shi ake haɗa wa aikin ladabtarwa, alhali yaro ba zai kai kukansa ga mai riƙe da bulala ba.

Shin yana da amfani kuwa?

Tambayar tana da wuyar amsawa a kimiyyance, domin makarantar da ke da malamin shawara nagari galibi tana da sauran abubuwa masu kyau. Wata mai bincike, Christine Mulhern, ta samu dabara. A makarantu da yawa na jihar Massachusetts harafin farko na sunan mahaifi ne ke yanke wane malamin shawara za a ba ɗalibi, kusan kamar ƙuri'a. Da ta bi sawun ɗaliban, a binciken da aka buga a 2023, ta gano waɗanda suka dace da ƙwararren malami sun fi kammala sakandare da shiga jami'a, kuma tasirin ya fi ƙarfi ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da masu raunin karatu. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ɗan likita yana da wanda zai gaya masa a gida cewa ba a karanta likitanci ba tare da kimiyyar sinadarai ba. Ɗan da shi ne na farko a gidansu da ya kai sakandare, sai ranar cike fom zai sani, bayan bakin alƙalami ya bushe.

Tarihin nan ya nuna kowace ƙasa ta zauna ta faɗi abin da ke damunta, sannan ta gina ofishin a kansa. Mu namu damuwar ba ɓoyayya ba ce. Akwai yaran da ake tura wa ajin kimiyya don kawai a ce suna kimiyya. Akwai shaye-shaye, wanda ya kai gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Akwai yara sama da 300 da aka sace a Ƙanƙara a Disamban 2020, da 'yan mata 279 na Jangebe a Fabrairun 2021, da ire-irensu da suka dawo gida da abin da suka gani a daji. Mutum ɗaya mai darasi ashirin a mako ba zai ɗauki wannan jinka ba, kuma kakar da ke sauraro a da, a gidaje da yawa na birni tana can ƙauye.

Ba sai mun jira Abuja kafin a fara ba. A taron iyaye da malamai na gaba, mai karatu zai iya ɗaga hannu ya tambaya: wane ne malamin shawara a makarantar nan, kuma darasi nawa yake koyarwa a mako? Akwai mace da 'yan mata za su iya zuwa wurinta ba tare da kunya ta hana su magana ba? Abin da yaro ya faɗa a ofishin yana tsayawa a nan, in ba rayuwarsa ko ta wani ce ke cikin haɗari ba, ko kuwa kafin a tashi ya zaga ɗakin malamai? Tsofaffin ɗalibai kuma, nas da injiniya da tela da mai gyaran waya, za su iya ware yini ɗaya a shekara su je su gaya wa 'yan aji uku yadda aikinsu yake da hanyar da aka bi aka kai. Da haka sistocin Ibadan suka fara a 1959.